Sunan Goggo a Bakin Ƙwayar Sukari

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji biyu a elementare ta Batsari, saura 'yan shekaru Turawa su tattara komatsansu su ba mu wuri. Tun da sassafe aka fito da mu shara. Muka share filin makaranta har ƙasa ta yi sumul, muka jera duwatsu a bakin hanya muka shafe su da farar ƙasa, aka duba mana farce da bayan kunne, duk wanda aka ga ƙazuwa a hannunsa aka tura shi layin baya. Wannan hidima duk saboda mutum guda ce, wani Bature mai zagayen duba makarantu, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Zufa. Sai da rana ta take tsaka ya iso, ja wur kamar nunannen gauta, da gajeren wando, gwiwoyinsa duk cizon sauro, rigarsa ta manne masa a baya sharkaf. Masinjansa na biye da shi ɗauke da wani ƙaton littafi a ka. Muka miƙe muka rera gaisuwar da aka yi kwana uku ana cusa mana, mutumin nan ko kallo ba mu ishe shi ba.

An ce lissafi da karatu ya zo dubawa, amma bai tambaye mu ko biyu a tara da biyu ba. Ashe kafin a kawo shi ƙasar Katsina ya yi aiki can wajen Kamaru, kuma tun daga nan ya kamu da ciwon wata dabba, ba shi da zance sai nata. Ya sa aka jingina littafin a jikin allo ya buɗe. Wata halitta ce baƙa ƙirin zaune a cikin ganye, ƙirji kamar ƙofar rumbu, hannuwa har ƙasa, ba wutsiya, ta zuba mana ido irin kallon dattijon da aka katse wa hira. Yana Turanci, malaminmu Malam Iro yana juya mana da Hausa. Wai tana zaune a kurmi mai duhu, daga Kamaru har ƙasar Kwango, inda ruwan sama ba ya gajiya kuma rana ba ta taɓa ƙasa. Wai da duk girman nan ganye take ci da ɓargon itace da 'ya'yan itatuwa. Wai gida-gida suke zama, da maigida guda mai furfura a gadon baya, da matansa da 'ya'yansa, kuma kullum da yamma kowa sai ya karya reshe ya yi wa kansa sabuwar shimfiɗa. Mu da ba mu taɓa ganin dajin da ya fi na Rugu ba, muka saki baki muna saurare. Da a nan ya tsaya, da na tuna shi da alheri.

Amma bai tsaya ba. Ya ɗauki tsumagiyar Malam Iro ya nuna yatsun dabbar, ya nuna kunnenta, ya nuna haƙoranta, ya ce a cikin dabbobin duniya tana cikin waɗanda suka fi kusa da mutum. Malam Iro ya ce mana, "Wai dangin ɗan Adam ce." Mai Zufa ya girgiza kai, ya ajiye Turanci ya ɗauko guntuwar Hausarsa ta littafi, wadda yake taunawa kamar mai cin ɗanyen rogo. Ya nuna hoton, ya zagaya da tsumagiyar a kanmu, ya ce, "Ɗan'uwa na ku. Kusa, kusa." Ku ya ce, ba mu ba, kuma ya tabbata mun ji. Sannan ya tambayi sunanta da Hausa. Malam Iro bai taɓa ganin irinta ba, amma tsoron a ce bai sani ba ya fi ƙarfinsa, sai ya laluba ya kamo abin da ya fi kusa, wato manyan biran nan masu bakin kare da ke saukowa daga duwatsu su yi mana ɓarna a gona. Ya ce, "Goggon biri, ranka ya daɗe."

To kowa ya san goggo biyu ne a bakinmu. Akwai ta gida, 'yar'uwar uba, akwai na daji. Tun kakannin kakanni kalmomin nan suke zaune lafiya kowace a ɗakinta, ba wani mai tarbiyya da ya taɓa haɗa su, har sai da baƙon da ya koyi Hausa a takarda ya zo. Ya buga cinya ya tuntsire da dariya. "Goggo! Na sani goggo. 'Yar'uwa na uba! To, har kun sani da kanku!" Malam Iro ya taya shi da irin dariyar nan ta neman tsira da aiki, wadda haƙora ke yi ba da sanin zuciya ba. Sai Baturen ya tambaya, "Wane yaro yana da goggo a gida?" Yara fiye da rabin aji suna da ita, amma kowa ya sunkuyar da kai, don sun fi ni hankali. Ni kaɗai na ɗaga hannu har ina ɗage, saboda a duniya ba abin da nake alfahari da shi kamar tawa. Ya kira ni gaba, ya kama hannuna da yatsa biyu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera, ya ɗora a kan hannun hoton, ya ce aji su duba. Aji ya ɗauki dariya. Ya zaro ƙwayar sukari daga aljihu ya ba ni, irin mai kusurwa huɗu, ta ɗan jiƙe da zufarsa. Na jefa a baki na tsotse, har ina juya ta da harshe don 'yan layin baya su gani. Shekara saba'in da wani abu ke nan, ban gama jin haushin yaron nan ba.

Goggona ƙanwar mahaifina ce. Mahaifiyata ta rasu ban cika arba'in ba, mahaifina kuwa yana bin shanu, sai mu yi wata shida ba mu sa shi a ido ba. Ita ta goya ni, da nonon saniya ta raine ni, a wani ɗan gida na dangar kara a bakin gari, kan hanyar Karare. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, hannunta ɗaya yana ɗaga tulun da mata biyu ke kamawa. Ita ke tatsa, ita ke kaɗa mai, ita ke noman 'yar gonar gyaɗarmu a gindin dutse, ranar kasuwa kuma ta jera ƙore uku a ka ta tafi sayar da fura da nono. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya sai ta zauna. Takan ce mini, "Kai dai ci ka ƙoshi, sauran nawa ne." Da dagaci ya rubuta sunana cikin yaran da za a kai boko, don ya ga ba namiji a gidan da zai yi masa gardama, ita ta bi ni har ƙofar aji ta tsaya ta ƙare wa Malam Iro kallo, ta ce masa in ya fasa mini kai ita ma ta san hanyar gidansu.

Washegari kasuwa ta ci. Ina tsugune gefenta ina kore ƙuda daga bakin ƙwarya, sai ga 'yan ajinmu sun taho, Tanko ɗan sarkin fawa a gaba. Tanko dai ko baƙi bai iya haɗawa ba, shekara uku yana maimaita ajin nan, amma wajen rashin kunya shi ne na farko. Ya saki hannuwa har gwiwa, ya turo baki, yana tafiya yana dukan ƙirji yadda Baturen ya gwada mana, sauran suna amshi, "Goggon Bello, goggon biri!" Mahauta suka bar sara suna dariya. Har da wasu manya masu gemu, waɗanda in an taɓa tasu goggon sai a ga wuƙa, suka tsaya kallo suna murmushi. Goggo ba ta ɗaga kai ba. Ta gama dama wa wani mai jaki furarsa, ta wanke ludayi, sannan ta kira wata yarinya ta tambaye ta daga ina wannan waƙa ta fito. Yarinyar ta zayyana mata komai, da hoton, da ɗaga hannu, da sukarin. Goggo ta juyo ta dube ni sau ɗaya. Ta rufe ƙorenta da faifai, nono ko rabi bai yi ba, muka kama hanyar gida tana gaba ina baya.

Na so a ce duka na sha, don duka yana da iyaka. Sai da ta sauke kaya ta yi la'asar, sannan ta kira ni ta ce, "Da daɗi, sukarin?" Ta ce, "Tunda ka kai sunan nan kasuwa ka sayar, ya zama na wanda ya saya. Daga yau kada in ƙara jin shi a bakinka." Ta tashi ta kama tatsa.

Wanda bai tashi a gidan Fulani ba ba zai gane girman wannan hukunci ba. Sunanta na yanka na san shi, amma da in furta shi gara harshena ya guntule, don yaro ba ya kiran sunan wadda ta goya shi. Inna kuma sunan wadda ke kabari ne, ba a ba wani. Ke nan ba ni da abin da zan kira ta da shi ko kaɗan. Tuwo bai fasa zuwa ba, ta ci gaba da wanke mini rigar makaranta, tana shafa mini man shanu a kaushi, amma ni na koma kamar bebe a gidanmu. In ina son magana da ita sai in yi tari, ko in zagayo ta gabanta in tsaya har ta ɗago. In maraƙi ya kwance sai in yi ta ihun "Maraƙi! Maraƙi!" kamar da shi nake. Ran nan ƙaya ta shige mini ƙafa a bayan danga, na buɗe baki zan kira, na tuna, na rufe, na zauna na cire abata da kaina ina hawaye. Sau biyu sunan ya kuɓuce mini, sau biyun ta wuce kamar iska ce ta kaɗa. Na tsani makaranta, na tsani Tanko, na tsani Malam Iro da ya ci gaba da koya mana tarbiyya da ladabi ba ko kunya. Shi kuwa Mai Zufa tuni ya yi gaba wajen Safana da littafinsa, yana neman wani ajin da zai yi wa wasan.

Wata rana na ji tana hira da maƙwabciyarmu ta saman danga, suna sussukar gero. Maƙwabciyar ta ce ai Turawa cewa suke mutum daga biri ya fito. Goggo ta ce ita abin da ta ji wajen tsofaffi, biran ne da can mutane, suka saɓa wa Allah aka juya su. Ta ce, "Ko ma wane ne daidai, ni ban taɓa ganin biri ya tara 'ya'yan mutane yana yi wa iyayensu dariya ba." Ta ci gaba da sussukarta.

Ana haka gyaɗa ta nuna, lokacin tsaron gona ya zo. Kowane gida yakan kafa rumfa mai tsawo a gonarsa, yaro ya hau da majajjawa da tulin tsakuwa, daga an tashi makaranta har rana ta yi sanyi. Aikin yana da daɗinsa. Mukan gasa ɗanyar gyaɗa, mu yi sarewa da karan dawa, mu riƙa jifan juna da waƙar zambo daga rumfa zuwa rumfa. Jan biri ba shi da wuya, tsakuwa ɗaya ta ishe shi. Manyan su ne masifa, don garke suke saukowa daga dutse, kuma sun san bambancin namiji da mace da yaro sarai. In sun ga mai gemu da baka sai su bi ta nesa, in yaro ne ko kallo bai ishe su ba. Dabararmu ita ce duk wanda ya fara hango su ya kwarma ihu, "Goggo! Goggo a gona!" sai a taru a kansu da jifa. To ni wannan ihun ma ya haramta gare ni, saboda goggona tana yawan zuwa yankan harawa a fadamar da ke ƙasan gonar, kuma ina tsoron ta ji. Sai na samo wani tsohon gwangwani ina bugawa. Biran suka gane gwangwani ba ya cizo, suka cinye mana kunya huɗu a kwana uku.

A rana ta huɗu na sauko daga rumfa don in kore su da sanda, abin da ko mahaukaci ba ya yi. Matan da ƙananan suka ja baya. Sai babban ya fito daga bayan wani dutse, ya zauna tsakanina da rumfar. Ya yi hamma, na ga fiƙoƙinsa, kowane ya kai ɗan yatsana. Ya buga hannu a ƙasa ya taso, ya tsaya, ya sake tasowa. Sandar ta faɗi daga hannuna, fitsari ya bi ƙafata. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Goggo! Goggo! Wayyo Goggo!" Yaran sauran rumfunan sun ji, amma Tanko da ke kusa da ni, gwanin dukan ƙirji a kasuwa, kwanciya ya yi a saman tasa rumfar ya rufe kai.

Ta fadama goggona ta ɓullo, ba kallabi, zane a ɗaure sama da gwiwa, lauje a hannu, tana keta gyaɗa da wani irin gudu da ban san tana da shi ba. Ba ta yi jifa ba, ba ta tsaya nesa tana ihu ba. Ta zo ta shiga tsakaninmu, ta tura ni bayanta da hannu ɗaya, ta daka masa tsawa da Fulatanci irin wadda take yi wa bijimi. Suka tsaya ido cikin ido. Shi da ya saba mata na watsar da kaya su gudu, ya ga wannan ƙara matsowa take. Ya yi gunaguni, ya tsinci wata gyaɗa a ƙasa don kada a ce tsoro ya ji, ya juya ya hau dutse, garken ya bi shi.

Ta daɗe tana haki. Ta duba hannuwana da wuyana ta ga ba cizo, ta ga jiƙaƙƙen wandona ta kawar da kai. Sannan ta ce, "Wa ka kira a cikinmu, ni ko shi?" Na ce, "Ke." Ta ce, "Sake in ji." Na ce, "Goggo." Ta ce, "Na'am." Ta dungure mini kai, ta ce in tsince gyaɗar da suka tone kada ta lalace. Gaskiyar magana, ihun farko ban san wanne na kira ba, amma na ukun nata ne, kuma ta sani.

Da na girma na yi aikin malamin dabbobi, na karanta abin da ya sawwaƙa, na gane Malam Iro bai ma faɗi daidai ba. Dabbar cikin littafin nan gorila ce, ba ta da wutsiya, ba irin ɓarayin gyaɗarmu ba ce, ko da yake sunan da ya ba ta shi ya bi ta har yau. Jikata da ke jami'a ta ƙara mini da cewa masana sun duba ƙwayoyin halittar da ake gado daga iyaye, sun tarar tsakanin mutum da ita bambancin kaɗan ne. Na tambaye ta, wane mutum, baƙi ko fari? Ta yi dariya ta ce, "Kaka, duka ɗaya ne, ba wanda ya fi wani kusa ko da ƙwayar gero." Ni ban shiga gardamar asali ba, na san kakana Annabi Adamu, kuma Wanda ya yi mu Shi ya yi su, ba abin mamaki ba ne a ga hannu ya yi kama da hannu. Abin da ya yi mini daɗi shi ne, ashe Mai Zufa hoton danginsa yake ta yawo da shi a kan masinja gari-gari, yana nuna wa 'ya'yan mutane da tsumagiya, bai sani ba. Da mu ya ce maimakon ku, da ya zama malami.

Jikar tawa ta nuna mini dabbobin a wayarta. Na ga wata uwa zaune cikin ruwan sama ta duƙa a kan ɗanta ta rufe shi da jikinta, ruwan na zuba a bayanta. Na ce ta mayar mini da wurin, ta mayar har sau uku, ba ta tambaye ni dalili ba. Ta ce sun kusa ƙarewa, ana sare musu kurmi ana harbinsu, wai ko a ƙasar nan akwai 'yan kaɗan da suka rage a duwatsun kan iyakar Kamaru. Ban yi mamaki ba. Namu na Rugu ma yaushe rabon da a ji sun sauko, itatuwan sun tafi gawayi, gonar gindin dutse kuwa yanzu ba biri ke hana zuwanta ba. Ba yaron da ke hawa rumfa ya yi wancan ihun. A cikin gida ma sunan ya tsufa, jikokina Anti suke ce wa 'yan'uwan ubansu. Shayina ba sukari nake sha, likita yana tsammani maganarsa na ji. Wani lokaci in tsakar gida ta yi shiru nakan kira sunan a hankali, sau ɗaya, in ɗan saurara. Na san ba mai cewa na'am, amma an taɓa karɓe mini shi, ba na so in sake rasa shi.